Ƙullutu a Baya, Tabo a Tafin Ƙafa

Ƙullutun ya daɗe a bayan Zulkifilu, daidai ƙasan kafaɗarsa ta dama. Tun yana Funtua ya fara jin sa, lokacin bai wuce girman gyaɗa ba. Da ya zo Abuja ya kafa teburin kankana da abarba a bakin kasuwar Gudu, abin ya yi ta ƙaruwa a hankali har ya kai girman lemon zaƙi. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Idan ya miƙa hannu ya danna, sai ya ji laushi kamar kwaɓaɓɓiyar fulawa, ya zille ƙarƙashin yatsunsa. Shekaru suka wuce bai taɓa ɗaukar sa a bakin komai ba.

Wata rana da zafi ya yi yawa, ya tuɓe riga yana sauke kankana daga mota da singileti kawai. Sai ga Hajiya Muhibba, wata ma'aikaciyar gwamnati da takan tsaya sayen abarba idan ta taso daga ofis. Ta tsaya tana kallon bayansa, ta tambaye shi tun yaushe abin nan ya fito. Ya ce ai ya daɗe. Fuskarta ta canza. Ta ce mijin yayarta ma da ƙullutu ya fara, kafin shekara ta zagayo ya rasu.

"Kansa ce," in ji ta.

"A kansa ya fito masa? Ni ai nawa a baya yake, Hajiya."

Ta yi masa bayani cewa ba kai take nufi ba, ciwon daji take faɗa. Ta ce ya yi wa Allah ya je asibiti, kada ya yi wasa. Ta ɗauki abarbarta ta shiga mota, ta bar shi tsaye da wuƙa a hannu.

Da ya koma unguwar Durumi inda yake haya da yamma, ya gaya wa abokan zamansa. Su uku ne a ɗakin: shi, da Lawal mai shayi, da Yamusa mai tuƙa keke napep. Lawal ya latsa ƙullutun ya ce mataccen jini ne, wanzami zai zuƙe shi da ƙaho a zama ɗaya. Yamusa ya ce a'a, a bari a duba a waya. Suka haɗa kai suna kallon hotuna. Wasu sun yi kama da nasa, wasu ko kusa, kuma kusan duk a jikin Turawa suke, ja-ja, ba ka iya cewa ga yadda za su kasance a baƙar fata. Wani rubutu ya ce idan ba ciwo to ba damuwa. Wani a ƙasansa ya ce mugun ƙari sau da yawa ba ya ciwo da farko. Yamusa ya karanta duka biyun da ƙarfi, ya ajiye wayar ya ce shi dai bai gane ba.

Kafin mako ya ƙare, rabin unguwa sun taɓa bayan Zulkifilu. Wani ya ce jifa ce, wani ya ce basir ne ya hau sama, wata mai tuwo ta ce kakanta ya yi shekara tamanin da irinsa. Shi kuwa sai ya fara jin zugi a wurin da bai taɓa yi masa ciwo ba. Idan ya tsaya ya saurara sosai sai zugin ya ɓace, idan ya kama aiki ya dawo. Abinci ya daina shiga. Asibitin da aka ce ya je kuwa ya kasa zuwa, don yana ganin muddin ba a faɗa masa ba, to abin bai tabbata ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya kira mahaifiyarsa, Inna Talatu, a Funtua. Bai gaya mata komai ba. Ya dai ce ta yafe masa duk abin da ya taɓa yi mata, ya kuma ce a gaishe da ƙanwarsa Zakiyya, ita ma ta yafe masa. Inna ta matsa masa har ya faɗi maganar daji.

Washegari da la'asar aka kira shi daga tashar Utako, aka ce ga wata tsohuwa nan tana neman sa. Ya iske ta zaune a kan ƙullin kayanta, da jarkar rubutu a gefe da ledar sassaƙe. Ba ta taɓa zuwa Abuja ba. Ta sa ya juya a nan cikin mutane, ta ɗaga masa riga, ta shafa wurin tana addu'a. Da suka nufi inda za su hau mota ya lura tana ɗan ɗingishi. Ya tambaya, ta ce faso ne, kuma ba ƙafarta ce ta kawo ta ba.

Matar mai gidan da suke haya ta ba Inna wurin kwana a ɗakinta. Inna ta fara ba shi rubutu safe da yamma, amma ita ce kuma ta ce sai an je asibiti, don ba ta baro gida ta zo ta zauna tana sauraron masu shayi ba.

Suka je wani babban asibitin gwamnati da sassafe. Aka yanka masa kati, aka tura su nan, aka tura su can, har rana ta take kafin a kai su ɓangaren masu ciwon fata. Likitar da suka samu mace ce, Dakta Rukayyat, 'yar wajen Kogi. Tana jin Hausa sosai, amma irin Hausar Abuja ce, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Inna ta cire takalmanta a bakin ƙofa kamar mai shiga ɗakin surukai. An nuna mata kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango ta miƙe ƙafafu.

Likita ta sa Zulkifilu ya tuɓe riga. Ta danna ƙullutun, ta tura shi hagu da dama, ta tambaye shi tun yaushe, ko ya taɓa fashewa, ko ya ƙaru da sauri a 'yan watannin nan. Ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ga alama kitse ne ya taru a ƙarƙashin fata, irin wanda ba ya bin jiki. Za a yi masa hoto don a tabbatar, amma ba ta ga abin tayar da hankali ba.

Zulkifilu bai ji sauƙi ba. Ya ɗauka irin lallashin da ake yi wa wanda ya kusa tafiya ne. Yana shirin sake tambaya sai ya ga likitar ta daina kallon sa. Idonta yana ƙasa, wajen bango.

"Mama, kawo ƙafarka in gani," ta ce.

Inna ta dubi ɗanta. Shi kuma ya cire silifas ya ɗaga tasa ƙafar.

"Ba kai ba. Shi." Ta nuna Inna da biro.

Inna ta waiga bayanta, ba kowa sai bango. Likitar ta taso da kanta ta durƙusa, ta riƙe ƙafar Inna ta hagu ta juya ta wajen haske. A tafin ƙafar, tsakanin diddige da tsakiya, akwai wani tabo mai faɗin murfin kwalba. Ba launi ɗaya ba ne. Wani gefen baƙi wuluk, wani ruwan ƙasa, wani kamar toka. Bakinsa ba a zagaye yake ba, ya yi kamar tawada ta zube ta nashe. A tsakiya ya ɗan tasa, da ɓawon ciwo a kai. Ragowar jan lalle ya kewaye shi.

Ta tambayi Inna tun yaushe. Inna ta ce tun daminar bara waccan, lokacin kamar ƙwayar dawa, ta ɗauka ƙaya ce ta karye a ciki. Daga baya ta ɗauka lalle ne ya kama wurin da yawa. Ba ya ciwo, sai dai kwanan nan yakan ɗan yi jini ya ɓata takalmi, sai ta shafa man kaɗanya ta ƙunsa lalle a kai. Tana ba da amsa tana ƙoƙarin janye ƙafar, tana cewa ga mara lafiya can.

Likitar ta ce Zulkifilu ya jira a waje. Daga baya Inna ta gaya masa cewa an kwantar da ita an lalluba mata matsematsi ana neman kaluluwa, an duba tafin hannunta da farcenta ɗaya bayan ɗaya. Da aka kira shi ya dawo, likitar tana rubutu.

"Wannan yana iya zama daji," ta ce. "Ban tabbatar ba tukuna. Dole a yanki kaɗan a jikinsa a kai gwaji. Kada ya yi jinkiri, ka ji ko?"

Suka ce to. Suka yi godiya suka fito.

A kan bencin waje suka zauna, kowa da abin da ya ji. Inna ta ce ai magana ta fito, likita ta ce a yanki jikinsa, shi ke nan abin da ake tsoro ya tabbata, ta kama kuka a cikin mayafi. Zulkifilu ya ce kamar dai ita ake nufi, tunda ƙafarta aka riƙe. Inna ta ce ina aka taɓa ce wa mace "jikinsa"? Shi ma sai ya fara kokwanto. Da farko an ce kitse ne, daga baya an ce daji. Wataƙila likitar ta fitar da shi waje ne don ta gaya wa uwarsa gaskiya. Ya tambayi Inna ko an faɗa mata wani abu a kansa. Ta ce ba a faɗa ba, amma ai ba komai ake faɗa da baki ba.

Suna nan zaune har wata nas ta zo wucewa ta ga tsohuwa tana kuka. Sunanta Nafeesa, Bakanuwa ce. Ta karɓi katunan da ke hannunsu ta duba, ta shiga wurin likita ta fito, sannan ta zauna kusa da Inna.

"Inna, ke ake nufi. Ɗanki lafiyarsa lau, in sha Allahu. Ƙafarki ce likita take so a gwada."

Inna ta share hawaye ta ce to ai kuwa an yi kuskure. Yaya za a bar abu kamar lemo a kama abu kamar ɗigon tawada? Nafeesa ta ce ba girma ake dubawa ba. Na Zulkifilu yana da laushi, yana motsi, ya yi shekaru bai canza hali ba. Da ya yi tauri kamar dutse, ko ya manne ya daina motsi, ko ya kumbura cikin ɗan lokaci, ko ya fara ciwo, da magana ta bambanta, kuma ko nan gaba ya ga haka ya dawo maza. Amma tabon da yake ƙara faɗi, launinsa ya rarrabu, bakinsa ya yi cako-cako, yana jini ya ƙi warkewa, shi ne abin bincike. Ta ce mu baƙaƙen fata irin wannan ya fi fito mana a tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, wuraren da ba mai dubawa. Ta ƙara da cewa ko likita ba ta iya yanke hukunci da ido, sai an gwada.

Zulkifilu ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, nan take wani ya hau. Bai san ko ya yi hamdala ko ya yi salati ba. Ya ji kunyar sauƙin da ya ji.

Suka kama hanyar komawa. Da suka isa Durumi Inna ta ce ba wanda zai sa mata wuƙa. Kowa ya san daji ba ya son ƙarfe, ko allura aka yi masa sai ya fusata ya bazu. Idan daji ne, yanka shi ne mutuwarta. Idan ba daji ba ne, to me ya sa za a yanke ta? Ta ce gobe a kai ta tasha.

Zulkifilu shi ma da wannan maganar ya tashi. Ya kira Zakiyya, ta ce a dawo da Inna gida, akwai mai magani a wajen Bakori. Ya kira ƙanen mahaifinsa, ya ce a bi maganar likita, amma kada a yarda da allura. Lawal ya ce asibiti idan ba su samu ciwo a jikinka ba sai su nemo a jikin wanda ya rako ka. Yamusa ya sake buɗe waya, ya samo hoton wata ƙafa mai tabo kamar na Inna, ya karanta kaɗan, ya kashe wayar ya tura ta aljihu. Wannan kashe wayar ya fi duk sauran maganganun tsorata Zulkifilu.

Da safe ya koma asibitin shi kaɗai ya nemi Nafeesa, ya tambaye ta maganar ƙarfe. Ta ce ta sha jin ta. Abin da ke faruwa shi ne mutane ba sa zuwa sai ciwo ya riga ya ci jiki, a yi aiki, mutum ya rasu, sai a ce wuƙa ce ta kashe shi. Ta ce irin na Inna idan an cire shi tun yana sama-sama ana samun sauƙi, idan ya nutse ya kai ga kaluluwa, aiki ya yi wuya.

Ya dawo ya iske Inna ta ɗaure kayanta tana zaune a tsakar gida a kan tabarma. Ya maimaita mata abin da aka ce, ta kawar da kai. Ta ce ita ta san ƙafarta, ɗan tabo ne kamar ƙwayar wake. Sai a lokacin ya gane cewa ba ta taɓa ganin sa sosai ba. Bayanta ba ya lanƙwasuwa, idonta ya yi rauni, da hannu kawai take laluben wurin. Ya ari wayar matar mai gidan, ya durƙusa ya ɗauki hoton tafin ƙafar, ya buɗa shi da yatsu ya miƙa mata.

Ta riƙe wayar nesa da fuskarta, ta matso da ita, ta sake nesantawa.

"Wannan a ƙafata yake?"

"A ƙafarki yake, Inna."

"Ba na cikin wayar Yamusa ba ne?"

Ya nuna mata gefen zanenta da ya fito a hoton. Ta daɗe tana kallo. Daga nan ta miƙa masa wayar, ta ce wa matar mai gidan ta taimaka ta mayar mata da ƙullin kayan ɗaki.

Aka yanki ɗan wurin aka kai gwaji. Jiran sakamako ya ɗauki makonni. A tsakanin nan aka yi wa Zulkifilu hoton bayansa, aka tabbatar kitse ne. Likita ta ce idan yana so a cire, idan bai dame shi ba ya bar shi. Ya ce a bari tukuna. Mutanen unguwa suka ci gaba da yi masa ya jiki, idan ya ce ai Inna ce ba lafiya, sai su dube ta tana tsintar shinkafa garau, su dube shi da ramarsa, su ce Allah ya sawwaƙe su wuce. A Funtua kuwa labari ya kai cewa shi aka yi wa aiki, har wasu suka je yi wa Zakiyya jaje. Hajiya Muhibba da ta ji yadda aka yi sai ta riƙe baki. Ta ce yanzu da ta tuna, na mijin yayarta tauri gare shi, kuma cikin wata biyu ya ninka. Washegari ta zo Durumi da kanta ta gaishe da Inna.

Sakamako ya fito, daji ne na fata. Wannan karon Dakta Rukayyat ta sa aka kira Nafeesa ta tsaya a ɗakin kafin ta fara magana. Aka yi wa Inna wasu hotuna, ba a ga ya bazu ba. Aka cire tabon da naman da ke kewaye da shi, aka ɗebo fata daga cinyarta aka rufe wurin. Ta jima ba ta taka ƙafar ba. Zakiyya ta zo jinya, Zulkifilu yana kasuwa da rana, da yamma ya zo asibiti da kankana yankakkiya. Likita ba ta ce an rabu da ciwon har abada ba. Ta ce an zo a kan lokaci gwargwado, amma dole Inna ta riƙa dawowa duk bayan 'yan watanni a duba ta, kuma ta daina rufe tafin ƙafarta da lalle.

Inna ta koma gida gab da girbi, tana dogara sanda.

Da lokacin dawowarta na farko ya yi, Zulkifilu ya je Utako tarbar ta, sai ya ga su uku ne suka sauko: ita, da Zakiyya, da wata maƙwabciyarsu mai suna Rahmatu. Ashe tun da Inna ta koma take bin matan unguwa tana duba musu ƙafafu da hannaye. A babban yatsan Rahmatu ta ga baƙi a ƙarƙashin farce, ta hana ta sakat har sai da mijinta ya bar ta ta biyo su. Rahmatu ba ta ci komai ba tun daga Funtua saboda fargaba.

Likita ta duba Inna ta ce wurin ya warke da kyau, ba kaluluwa. Sannan ta riƙe yatsan Rahmatu ta haska shi, ta tambaya ko wani abu ya taɓa buge shi. Rahmatu ta ce ƙofa ce ta datse ta wajen wata guda da ya wuce. Likita ta nuna musu yadda baƙin ya riga ya fara tafiya gaba tare da farcen, ta ce jini ne ya kwanta, zai fita da kansa. Idan farce ya gama tsirowa baƙin yana nan, ko ya fara hawa fatar gefe, to a dawo. Amma ta ce sun kyauta da suka zo.

Da suka fito, Rahmatu ta ce yunwa take ji, a nema mata abinci. Inna ta tsaya a bakin ƙofar asibitin tana gyara riƙon sandarta, ta ce ita dai har yau ba ta gane kan wannan ciwon ba. Zulkifilu ya ce shi ma haka. Ya tare musu mota suka nufi Gudu, inda ya bar Yamusa yana jire masa tebur.